Firetsel, biredin Jamusawa mai naɗe hannu a ƙirji: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar da na aika wa maƙwabta wani biredi mai kama da igiyar da aka ƙulla aka dame ni da tambaya, wata ma cewa ta yi ƙonewa ya yi saboda duhun bayansa, sai da ta gutsira ta ji cikinsa laushi sannan ta yi shiru. Shi ne na ce bari in tattara tambayoyin wuri ɗaya in huta.

Wai mene ne ma firetsel ɗin nan?

Biredi ne kawai, fulawa da ruwa da yis da gishiri da ɗan bota. A jikin leda za ki ga an rubuta pretzel, Jamusawa su ce Brezel, mutanen Bavariya da ke kudancin Jamus kuma su gajarce su ce Brezn. Ana murza kwaɓin ya yi tsawo kamar igiya, a lanƙwaso bakin biyu a harɗe su a tsakiya a manna a jiki, sai ya fito da ƙofofi uku. Amma abin da ya raba shi da sauran biredi ba ƙullin ba ne sosai, wankan da ake masa ne kafin ya shiga wuta. Ana tsoma shi a ruwa mai kaifi, dangin ruwan kanwa ko ruwan toka, shi ke ba shi wannan jan bayan mai sheƙi da wani ɗanɗano da ba za ki samu a biredin shago ba. In kika tsallake wankan nan toh biredi kika yi mai siffar firetsel, shikenan.

Iri biyu ne manya: mai laushi wanda ake ci ranar da aka gasa, da ƙanana busassu masu ƙaras-ƙaras na cikin leda.

Waye ya fara yin sa?

Labarin da ya fi yawo shi ne wai a shekarar 610 wani malamin coci a arewacin Italiya (wasu su ce kudancin Faransa, ka ga tun daga nan labarin ya fara rawa) ya ɗauki ragowar kwaɓi ya naɗe shi kamar hannun yaro mai addu'a, don a lokacin hannu ake harɗewa a ƙirji, yana ba yaran da suka haddace addu'arsu a matsayin tukuici. Labari ne mai daɗin ji, amma babu wata takarda ta wancan zamani da ta ambace shi, tatsuniya ce da aka daɗe ana maimaitawa har ta zauna.

Sunan dai kam yana da alaƙa da hannu. Daga Latin ya fito, daga kalmar bracchium wato hannu ko damtse, ya bi ta tsohon Jamusanci ya zama brezitella, a hankali baki ya goge shi ya koma Brezel. Kenan ko ba a yarda da malamin cocin ba, tun farko mutane hannu suke gani a siffar.

Toh mene ne ake da hujjarsa a tarihi?

Nan ne abin ya fi min daɗi. Akwai wani tsohon kundi mai zane-zane da ake kira Hortus deliciarum, wata shugabar gidan mata masu ibada a yankin Alsas, da ke gabashin Faransa a yau, mai suna Herrad ta sa aka haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 12, a ciki an zana wata liyafar Sarauniya Esta ta cikin Baibul da mijinta sarki, ga firetsel a kan teburi zaune daram kamar yau aka gasa. Asalin kundin ya ƙone a 1870 lokacin da aka yi wa birnin Strasbourg ruwan wuta a yaƙin Faransa da Furushiya, sa'a dai an riga an kwafi zane-zanen.

Tun wajen wannan zamanin masu gidan biredi a kudancin Jamus suka ɗauke shi tambarin ƙungiyarsu ta sana'a, har gobe in kina tafiya a garuruwan can za ki ga ƙaton firetsel na ƙarfe ko na katako a rataye a ƙofar shago, ko ba ki iya karatun Jamusanci ba kin san gidan biredi ne. Mai zanen nan Pieter Bruegel ma ya sa shi a wani zanensa na 1559 da ya nuna faɗa tsakanin masu shagali da masu azumi, firetsel yana ɓangaren masu azumin.

Sannan a 2015 masu tonon kayan tarihi a birnin Regensburg na Jamus, bakin kogin Danube, suka nuna wa duniya wasu gutsattsarin firetsel da suka tono, shekararsu wajen 250. Abin dariyar shi ne ƙonewa suka yi ƙurmus, da alama mai gidan biredin ne ya bar su a wuta ya kwashe ya zubar, kuma wannan ƙonewar ce ta hana su ruɓewa. Ni duk ranar da nawa ya ƙone da wannan nake rarrashin kaina.

Ya aka yi har aka fara tsoma biredi a ruwa mai cin hannu?

Garuruwa biyu ke jayayya, kowa da tatsuniyarsa. Mutanen Bad Urach a yankin Swabiya, kudu maso yammacin Jamus, sun ce wani mai biredi ne ya yi wa mai mulkinsu Eberhard laifi a ƙarni na 15, aka ce za a kashe shi sai dai in ya kawo biredin da rana za ta leƙo ta cikinsa sau uku, yana cikin zullumi ya ga matarsa ta tsaya ta harɗe hannu a ƙirji, shikenan dabara ta zo. Wai ma kyanwa ce ta ture kwaɓin ya faɗa bokitin ruwan wanke-wanke, ba lokacin sake wani sai aka gasa haka. Mutanen Munik, babban birnin Bavariya, kuma suka ce a'a, a wajensu ne a 1839 wani ma'aikaci ya yi kuskure ya shafa ruwan wanke faranti maimakon ruwan sukari. Duka biyun a ɗauke su a matsayin hira, abin lura dai kowanne yana cewa kuskure ne, don ba mai hankalin da zai zauna da gangan ya ce bari in jiƙa abincina da abin wanke tire.

Tunda an ce daga coci ya fito, Musulmi zai iya ci?

Alaƙarsa da azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista ita ce a da ana hana cin ƙwai da madara da kitse a lokacin, shi kuma fulawa da ruwa da gishiri sun ishe shi. A Luksamburg har yanzu akwai wata Lahadi a tsakiyar azumin da saurayi ke kai wa budurwa firetsel mai zaƙi, in ta amince ta ba shi ƙwai ranar Ista, in shekara mai 29 ga Fabrairu ce kuma sai a juya, mace ce ke kaiwa. Amma yau a Jamus abin karin kumallo ne da na tashar jirgi, uwa ta saya ta miƙa wa yaro a keken tura jarirai don ya yi shiru.

Inda ya kamata a sa ido shi ne kitse. Wasu gidajen biredi, musamman masu bin tsohuwar hanya a kudu, da kitsen alade suke kwaɓawa, Schweineschmalz suke ce masa. In kina can ki tambaya kafin ki saya, ba sa jin haushi, sun saba. Wanda kika yi a gida da bota ko man gyaɗa kuwa ba wata magana.

Na ga wani siriri wani kuma mai ƙiba, duk ɗaya ne?

Kar ki faɗi haka a gaban mutumin Stuttgart, birnin mutanen Swabiya. Na Swabiya hannuwansa sirara ne har suna ƙaras, cikinsa ƙato, kuma ana tsaga cikin da wuƙa kafin gashi ya buɗe fari tas, sannan mai ya fi yawa a kwaɓin. Na Bavariya hannuwan masu kauri ne, ba a tsaga shi, da kansa yake fashewa inda ya ga dama. A 2014 Tarayyar Turai ta yi wa sunan na Bavariya rajista, wato ba za ka gasa a wani waje ka sayar da sunan ba. Ni na Swabiya na fi so don a guda ɗaya ka samu laushi ka samu ƙaras, amma ya fi wuyar murzawa.

Ya aka yi ya zama abin Amurkawa?

Jamusawa 'yan ci-rani ne suka tafi da shi jihar Fensilbaniya tun ƙarni na 18. A 1861 Julius Sturgis ya buɗe gidan gasa busasshen firetsel na sayarwa a wani ƙaramin gari Lititz, ana ɗaukar sa a matsayin na farko a ƙasar, kuma ginin yana nan ana kai baƙi. Busasshen ne ya yi kasuwa don yana daɗewa bai lalace ba, ana iya zuba shi a gwangwani a kai nesa. Da hannu ake ta ƙullawa ɗaya bayan ɗaya har 1935 da wani kamfani a garin Reading ya fito da injin ƙulli. Har yanzu mafi yawan busasshen firetsel na Amurka daga jihar nan yake fitowa, a 2003 ma gwamnansu Ed Rendell ya ware 26 ga Afrilu ranar firetsel. A Filadelfiya, birni mafi girma a jihar, suna da nasu mai laushi, dogo a matse kamar lamba 8, a bakin titi ake sayarwa da mustad, wani abin lakata mai ɗan yaji. Mai zaƙin nan na manyan shaguna mai bota da kirfa kuma kamfanin Auntie Anne's ne suka yaɗa shi, wata mata Anne Beiler ta fara a rumfar kasuwar manoma a 1988.

Kuma dai a tauna da kyau. A Janairun 2002 shugaba George W. Bush yana kallon ƙwallo a Fadar White House wani guntun firetsel ya shaƙe shi har ya ɗan suma ya faɗi, washegari aka gan shi da tabo a kunci.

Me ruwan wankan yake yi masa ne takamaimai?

Kin san yadda in kika jefa kanwa a wake yake saurin nuna launinsa ya yi duhu? Toh kusan aikin kenan. Duk abin da ake gasawa yana yin ja ne saboda sukari da furotin da ke samansa suna haɗuwa in zafi ya yi yawa, wani Bafaranshe Maillard ne ya bayyana wannan a 1912. Haɗuwar nan tana gudu sosai in wurin yana da kaifin kanwa, tana ja da baya in akwai tsami. Ruwan kuma yana narkar da sitacin da ke fatar kwaɓin ya zama kamar koko, in ya bushe a wuta sai ya yi sheƙi. Shi ya sa cikin minti 12 zuwa 15 bayan ya yi ja wur alhali cikin bai bushe ba.

Masu gidan biredi a Jamus kastik soda suke amfani da shi, amma wanda aka tace don abinci, giram 30 zuwa 40 a lita ɗaya ta ruwan sanyi, a tsoma 'yan daƙiƙu a cire. A cikin obin zafi da iskar da ke wurin suna karya kaifinsa, shi ya sa ba ya cutar da mai ci.

Kenan zan iya sayo sodar da ake haɗa sabulu da ita a kasuwa?

A'a. Don Allah a'a. Sinadarin ɗaya ne amma ta sabulu ba a tace ta don ciki ba, ba ki san me ke gauraye da ita ba, kuma ko tatacciyar ma tana cin fata, in ta fantsama a ido tana iya makantarwa. Masu aiki da ita safar hannu da tabarau suke sawa, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa ba a zuba ruwa a kanta. Gidan da yara ke shiga kicin suna fita, su ga ruwa fari a kwano, ni ban ga dalilin wannan kasadar ba saboda biredi. Bekin soda ta isa.

Toh a ba mu yadda ake yi

Na guda 8: fulawa giram 500, ruwa mai ɗumi mililita 280 zuwa 300, busasshen yis giram 7 wato kamar cokalin shayi 2, gishiri giram 10, bota giram 30, sukari cokalin shayi 1. Sai gishiri mai tsakuwa na barbaɗawa a sama.

Ki haɗa komai ki murza minti 10 cif, kuma ki sani kwaɓin nan mai tauri ne, ya fi na biredi tauri nesa, kusan kamar na cincin. Hannunki zai ce a ƙara ruwa, kar ki biye masa, in ya yi ruwa ƙullin ba zai tsaya ba zai baje a wanka. Ki rufe ya tashi kamar minti 45 zuwa awa ɗaya, lokacin zafi rabin awa ma ya isa don ba a so ya kumbura sosai. Ki raba 8, ki ɗan mulmula kowanne ya yi tsawon yatsa biyu ki ajiye su huta minti 10, sannan ki dawo kan na farko ki murza ya kai santimita 55 zuwa 60, kusan kamu ɗaya da ɗan ƙari, tsakiya da kauri baki sirara. Kar ki barbaɗa fulawa a teburin, zamewa zai yi ta yi ya ƙi miƙewa, in ma ya bushe ki ɗan jiƙa tafin hannunki. In kina ja yana komawa kamar roba toh bai huta ba, ki bar shi ki kama wani.

Bayan ƙulli ki jera a tire ki sa a firij a buɗe ba rufi, minti 30 zuwa awa ɗaya. Mutane suna raina wannan matakin amma shi ke sa fatar ta bushe ya yi ƙarfin da za ki ɗaga shi bai lanƙwashe ba. In ba wuta ki ajiye a inda iska ke kaɗawa, lokacin hunturu kam iskar kanta ta gama miki aikin.

Wanka: ruwa lita 1 a tukunya, bekin soda cokalin cin abinci 3, ki zuba sodar tun ruwan bai tafasa ba don in ya tafasa kika zuba kumfa zai taso ya malale. Ki rage wuta, ki sa ɗaya ko biyu, daƙiƙa 20 zuwa 30, ki tsame da matsami ruwan ya tsane. A tire mai takardar gashi da aka shafa wa mai, a barbaɗa gishiri, a tsaga cikin da reza in ana so, sai obin da ya riga ya yi zafi 220°C, minti 12 zuwa 15. Ki bar shi ya yi duhu fiye da yadda zuciyarki ke so.

Ƙullin ne ya gagare ni

Ki ajiye igiyar kamar harafin U, bakin biyu suna kallon gaba. Ki harɗe su sau biyu, ki jawo su wajenki ki manna a jikin lanƙwasar, ɗaya dama ɗaya hagu, ki danna da yatsa sosai da ɗan ruwa. Ƙwararru a iska suke wulla shi ya murɗe da kansa cikin daƙiƙa ɗaya, na gwada sau ɗaya ya tafi bayan firij. In abin ya ishe ki ki yanka gutsi-gutsi ko ki yi dogaye kamar sanda, a Jamus ma ana sayar da su haka, ɗanɗanon ɗaya ne.

Nawa bai yi duhu kamar na hoto ba

Bekin soda ba ta da ƙarfi sosai, kaifinta wajen 8 ne a ma'aunin da kastik ke kai 13 zuwa 14. Dabarar ita ce ki baza ta a tire ki gasa ta ita kaɗai awa ɗaya a zafi 120°C, za ta rage nauyi kamar kashi ɗaya cikin uku ta koma wani sinadarin da ya fi kaifi, wajen 11. Da wannan launin yana matsowa kusa da na gidan biredi. Ki zuba a kwalba ki rufe, kuma kar ki daɗe da hannu a ruwanta don tana busar da fata. A kula bekin soda na ce ba bekin foda ba, ita fodar akwai tsami a cikinta, ba abin da za ta yi miki.

Kanwa fa, tunda kin yi ta ambatonta?

Kanwa dama haɗin waɗannan biyun ce, akwai sinadarin bekin soda a ciki akwai na gasasshiyar, kenan a lissafi ta fi ɗanyar bekin soda kaifi. Na gwada da fara, na jiƙa ta kwana na tace ruwan da ƙyalle saboda yashi, na tafasa na yi wankan da shi. Launi ya fito, har ya fi na bekin soda, sai dai ƙanshin kanwar yana nan a fatar, yarana suka ce biredi mai warin ɗanwake. Matsalarta ba ta da ma'auni, wani dunƙulen ya fi wani ƙarfi, sai ki gwada da guda ɗaya tukunna kafin ki jefa duka.

Wace tukunya zan yi wankan a ciki?

Banda ta dalma, ruwa mai kaifi yana cin ta, za ki ga ta yi baƙi kuma yana shiga abincin. Haka tiren alminiyon in ba takarda a kai. Sitenles ko mai fenti a ciki.

Ba ni da obin

Tukunya da yashi irin na gashin kek yana yi, amma sai kin bar ta ta yi zafi sosai kafin ki sa, ki ɗora garwashi a kan murfin don saman ne ke buƙatar wuta. Zai ɗauki minti 20 ko fiye, kuma sheƙin ba zai kai na obin ba.

Ya manne a takarda, kuma akwai ɗaci-ɗaci kamar sabulu

Mannewa ruwan wanka ne bai tsane ba ko ba a shafa mai ba, karon farko ni da takardar muka ci. Ɗacin kuma ko soda ta yi yawa ko ya daɗe a tukunya, in ya wuce minti ɗaya fatar tana kauri ta yi yauƙi.

Da me ake ci, kuma kwana nawa yake yi?

A Bavariya da farin tsiran naman maraƙi da na alade da mustad mai zaƙi suke ci da safe, wannan kam mun bar musu. Wanda ya fi sauƙi shi ne a tsaga cikin a shafa bota mai sanyi da kauri, a haɗa da shayi. Da ƙwai ma yana tafiya, har da yajin ƙuli na taɓa barbaɗawa a madadin gishiri, bai yi laifi ba, riɗi ma haka.

Ajiya kuwa ba ya so. Gishirin saman yana jawo laima, in ya kwana a leda sai ki tashi ki ga bayan ya jiƙe ya yi yamushe, lokacin damina ma kafin yamma. In kin san ba za a cinye ba ki gasa wasu ba gishiri, su huce ki sa a firiza, ranar da za a ci ki ɗan shafa musu ruwa ki barbaɗa gishirin ki mayar obin minti 5.